Sunan da Aka Faɗa Cikin Randa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Kwatarkwashi, gindin dutse, zuwa ga takwarata Hauwa'u, sabuwar ɗalibar koyon malanta a Gusau.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya, kin sami gado mai ƙafa huɗu, kin kuma sami wadda za ta riƙa jan babban yatsanki da asuba tunda kin baro ni. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da zazzaɓin birni. Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita ma tana gaishe ki. Kada ki yi wa rubutuna dariya. Aji biyu na yi a yaƙi da jahilci, rabinsa ma gyangyaɗi ne. Inda kika ga baƙi ya karkace, shi ma tsufa ne ya kama shi.

Ba labarin gari zan ba ki ba, garin yana nan inda kika bar shi. Maganar kifinki ce.

Kwana tara ke nan da kika tafi kina kumbure-kumbure, don na hana a ɗora akwatin gilashin a mota. Kika ce na ƙwace miki kifi. Ban ƙwace ba. Ranar nan uwar kifin bakinta cike yake da ƙwai, kin kuma san ramukan hanyarmu kafin a hau kwalta. Da an jijjiga ta, ko ta tofar ko ta haɗiye. Jiya da hantsi ta saki 'ya'yan. Na ƙirga na sami goma sha tara, na sake na sami ashirin da biyu, na uku sai ido ya ce ya gaji. Idan sun ƙara mako guda ubanki zai zo ya ɗauka. Kuma gidansu na Sabon Garin Gusau zai kai, ɗakin uwarki Luba, ba ɗakin kwanan makarantarku ba.

Na san abin da kika ce. Kin ce a makaranta za ki zauna, ba za ki taka gidan nan ba sai da salla, wai matar da ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta da abin da za ta yi da ke. Ina tankaɗe lokacin, na yi kamar kunnena ya tafi kiwo. Na ji sarai. Ki karanta takardar nan har ƙasa kafin ki sake kumbura.

Shekara uku ke nan da kika shigo mini da akwatin nan a ka, malaminku na kimiyya zai koma garinsu ya bar miki. Kifi shida, kowane bai kai tsawon yatsana ba. Kika ce ƙannen gargaza ne, amma ba sa girma, kuma asalinsu daga kogin Masar ne. Kika yi mini bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, hutu ya ƙare, kika koma makarantar kwana kika bar ni da baƙi. Saboda haka duk abin da na sani game da su, da ɓarna na koye shi. Kina dawowa ki tarar da ruwa garau, ki ce Tsohuwa ta iya. Ba ki san gawa nawa na binne a gindin zogale ba.

Ɓarnar farko tuwo ce. Na dube su na ga baƙi ne daga ƙasa mai nisa, na ce ba za a ce sun zo gidan Kulu sun kwana da yunwa ba. Na marmasa musu tuwon dawa, da rana na ɗiga fura, da yamma na ƙara ƙuli. Kwana uku ruwan ya koma kamar tsari, yana tsami, su kuma suka taso sama suna buɗe baki kamar masu roƙon ruwan sama. Biyu suka juya ciki. Maƙwabciyata Gwamma ta leƙo ta ce, "Kulu, tunda sun mutu da kansu, a sa a miya mana." Na ce, "Ki bari haƙoranki su dawo tukuna." Na yi dariya a gabanta, amma da ta fita na je na binne su a gindin zogale.

To ki ji. Abin da za su cinye kafin ki karanta Fatiha uku, shi ne abincinsu, sau biyu a yini. 'Ya'yan sauron nan masu wutsil-wutsil a tsohon ruwa sun fi son su da komai, ki tace da matacin koko ki zuba. Gara ma suna so, da ɗan garin busasshen kifi a kan farce. Jarirai kuwa gwaiduwar dafaffen ƙwai, abin da zai maƙale a kan tsinke, ba ƙari. Idan kin ga saura a ƙasa ki tsame. Za su zo jikin gilashi suna yi miki kallon marayu. Ƙarya suke, haka kike yi mini kina ƙarama in kin hango alewa, ni kuma in ba ki, har haƙorinki na gaba ya yi rami.

Ɓarna ta biyu tsabta ce. Bayan abin tuwo sai na tuba na wuce iyaka. Na kwashe kifin a kwano, na zubar da ruwan kaf, na wanke gilashi da sabulu har yana ƙyalli, na wanke yashin, na cika da sabon ruwan rijiya mai sanyi. Kafin la'asar ɗaya ta kwanta a gefe, ba ta sake tashi ba. Ashe su tsohon ruwansu shi ne garinsu. Sun san ƙanshinsa. Kada sabulu ya kusanci akwatin, ko hannunki in kin shafa mai ki ɗauraye shi sosai kafin ki tsoma. Kashi ɗaya cikin uku za ki ɗebe duk mako, ki mayar da sabo a hankali ta gefen gilashi. Ruwan famfon Gusau kuma an ce yana warin magani, ki tara shi a bokiti buɗe ya kwana ya wuni kafin ya shiga. Ɗan injin nan mai kumfa, in an kawo wuta ya yi aikinsa. In an ɗauke, ki ɗebi ruwan da ludayi ki tsiyaya daga sama sau da yawa, kamar mai fifita kunu.

Kada ki sa su a rana. Ni na sa, don in ga adon namijin da kyau, ruwan ya ɗumame ya koma kore kamar miyar kuka. Inuwa suke so mai haske, da 'yar kainuwa tana yawo a sama. Lokacin sanyi kuma ki lulluɓe akwatin da tsohon zane, ki matsar da shi daga bakin taga.

Amma bari in gaya miki abin da ya sa ban kyautar da su ba. Bayan azahar, in gari ya yi tsit, awaki sun kwanta, akwai wani haske da ke shigowa ta tagar yamma. Sai ya ratsa ruwan ya faɗa jikin bango yana rawa. Ina zaune a tabarma, sai ɗakin duka ya zama ƙarƙashin kogi. Kwallayena na jere suna lilo, carbina yana lilo, ni ma sai in ji gwiwar ta daina ciwo, kamar ruwa ne ke ɗauke da ni. Wani lokaci sai in ga dutsenmu ma ya nutse, shahon da ke kewaya kansa ya zama babban kifi, mata suna tafiya rijiya a hankali zannuwansu suna tashi. Sai in tuna kin ce daga kogin Masar suke. In ce ashe kakannin waɗannan suna ƙasa ranar da wata uwa ta sa jaririnta a akwati ta miƙa wa ruwa. Sun ga gindin akwatin yana wucewa ta samansu, sun ga ƙafafunta a bakin gaɓa ba ta tafi ba. Ina nan ina wannan tunani sai Gwamma ta yi sallama ta ce in ara mata rariya, kogin ya janye.

Namijin nan, Ɗan Gaye, ki sa masa ido. Kin san shi, ruwan zinariya da shuɗi-shuɗi, da ɗigon ja a fiffiken ƙasa kamar ya taka lalle. In abin ya motsa masa sai ya share ɗan rami a yashi da baki, ya tsaya a kai yana karkarwa kamar mai sabuwar riga ranar kasuwa. Matar ta zo su yi ta kewaya juna, ta zuba ƙwai, ta juya ta tsince su da baki ɗaya bayan ɗaya. Shi ke nan aikinsa ya ƙare, amma ba ya ganewa, sai ya yi ta bin ta yana tsokana. Dole ta sami wurin ɓuya. Shi ya sa na kifa kaskon nan a lungu. Kada ki cire shi don ya yi gansakuka. Zan dawo kan kaskon.

Yanzu ga babbar ɓarnar, wadda ban taɓa gaya miki ba.

Karon farko da uwar kifin ta ɗauki ƙwai ban san ana haka ba. Ke kin faɗa cikin Turancinki, ya wuce ni. Na ga dai ta daina ci. In zuba abinci, ta zo ta dube shi ta juya. Haɓarta ta kumbura, jikinta ya rame, ta shige lungu tana motsa baki kamar mai cin goro a ɓoye. Kwana biyar, kwana shida. Rana ta bakwai na kafa ido sosai, sai na hango ta fatar maƙogwaronta wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo, idanu ne. Na ce innalillahi, muguwa, 'ya'yanta take ci! Na kamo ta da matacin koko, na riƙe ta a tafin hannu, na zaro tsinken tsintsiya na buɗe bakin. Suka zubo. Ba su gama zama kifi ba, ido ne da ɗan wutsiya a kan ƙwayar gero. Suka sauka kan yashi suna ɗan motsi, kafin in gane abin da na yi Ɗan Gaye ya bi su ya tsince. Ita kuwa da na sake ta, sai ta yi ta bin yashin tana ɗaukar tsakuwa tana tofarwa, tana ɗauka tana tofarwa, har rana ta faɗi.

Sai karo na biyu na ga yadda abin yake, da na ɗaure hannuna na zuba ido. Kwana goma sha ɗaya ba ta ci ba. Ran na sha biyu ta fito tsakiyar fili ta buɗe baki, suka fito kamar hayaƙi. Na matsa kusa, inuwata ta faɗa kan ruwan, ta ɗan sunkuyar da kai, sai ga su duka sun koma ciki, na ƙarshe wutsiyarsa tana leƙe. Na yi ta dariya ni kaɗai har da hawaye.

Saboda haka in kin ga ta rufe baki, ki bar ta. Kada ki ƙwanƙwasa gilashi, kada ki kama ta, kada ki ce ba ta da lafiya. In za ki iya, ki ware namijin a wani mazubi. Bayan ta saki da mako guda za ta daina karɓarsu, ranar nan ki raba su, ki ciyar da ita da kyau don ta sha wuya.

Takwara, yanzu ki gyara zama.

Ke 'yar fari ce, kuma sunana aka sa miki. Kunya biyu ke nan a kan Luba. A yadda aka tarbiyyantar da mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ni kaina har yau ban taɓa kiran ubanki da sunansa ba, don shi ne na farina, ga shi da furfura a gemu. Sunan uwar miji kuwa ko a mafarki ba ya fita. An kawo Luba daga 'Yandoto tana yarinya mai kunya, irin wadda in ta gaishe ni sai na tambayi ƙasa me ta ce. Ranar yayenki na je na goyo ki, kamar yadda aka saba. Ta juya baya tana wanke kwanon da yake a wanke. Na ce za ki yi wata biyu. Kika yi shekara goma sha bakwai. Ba ta taɓa cewa a mayar mata ba, don ba ta da bakin faɗa. Ni kuma ban taɓa tayawa ba, don ɗakina ya yi daɗi da ke. Wannan laifina ne, ba nata ba.

Kina shekara huɗu ƙyanda ta kama ki, har muka fara fid da rai. Luba ta zo, wai ta kawo mini daddawa. Daddawar da ta zaunar da ita kwana tara. Ba ta shiga inda kike kwance in da mutane, tana tsakar gida tana daka abin da ba a sa ta ba. In na miƙa mata tuwo ta ce, "Na ƙoshi, Inna." In duba kwanon da yamma, ko yatsa bai taɓa ba. Na ce a raina yarinyar nan zuciyarta dutse ce, ɗiyarta na kwance tana ta daka.

Rana ta shida da tsakar rana na zagaya bayan rumbu zan ɗebo kara. Akwai wata tsohuwar randa a can da ba ruwa. Sai na ga Luba a durƙushe, ta tura kanta cikin randar har wuya. Na ɗauka kunama take nema. Na matsa a hankali. Sai na ji randar tana amsawa, can ƙasa, kamar daga rijiya.

"Hauwa'u. Hauwa'u. Hauwa'una, tashi mana."

Kin san halina. Da mai hankali ce da ta koma da baya ta bar ta. Ni sai na yi gyaran murya na ce, "Na'am! Wa ke kirana a randa? Luba, ashe haka kike yi mini in na ba da baya?"

Ta zaro kai da sauri har randar ta faɗi ta fashe. Ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ki yafe ni, Inna, ki yafe ni." Ni ina ta ƙyaƙyata dariya. Da yamma na ba Gwamma labari, Gwamma ta ba rijiya, aka yi wata ana tsokanarta da matar randa. Tun daga ranar ban ƙara jin sunan a bakinta ba, ko a ɓoye. Kin ga tsinken tsintsiya ba a kan kifi na fara shi ba.

Ban tsaya nan ba. Da kika fara wayo kina tambaya me ya sa ƙannenki suke can ke kina nan, sai in ce, "A gindin dutse na tsince ki, uwarki ta ajiye ta manta." Wasa nake, irin na kaka da jika. Kina dariya, ina dariya. Ban lura da ranar da kika daina dariyar ba. Sai da na ji kina ce mata matar Baba, sannan na gane ɓarnar da na yi, amma na ce za ki gane da kanki in kin girma. Ga shi kin girma har za ki koyar da 'ya'yan mutane, ba ki gane ba, don ba wanda ya gaya miki. Rigunan sallar da nake cewa na ɗinka miki, kin taɓa ganina da keken ɗinki? Uwarki ce ke aikowa.

Kaskon da ke cikin akwatinki, wanda uwar kifin ke shiga in bakinta ya cika, na randar nan ne. Na ajiye shi a ƙarƙashin gado shekara da shekaru ban san dalili ba, sai da kifin nan ta nemi wurin ɓuya.

Ga yadda za a yi tafiyar. Zan zuba tsohon ruwan a jarka, manyan a bokiti mai murfi, jariran a wata roba daban, akwatin kuma babu ruwa, a kan filo, a cinyar ubanki in ya ga dama ya ba wani tuƙin. Uwarki ba ta san komai game da su ba. In ba ki je ran nan kin haɗa akwatin da hannunki ba, na rantse tuwo za ta ba su, don ita ma ba ta iya ganin baƙo da yunwa. Jarirai ashirin da biyu, ko sha tara, suna wuyanki.

Saura abu ɗaya. Uwar kifin da muke ce wa Hajiya Shiru, jiya na sake mata suna. Gwamma ce shaida, mun raba dabino uku, ta tsotsi biyu. Sunanta yanzu Hauwa'u. Na kuma aika wa Luba ta bakin ubanki cewa kifin nan ba ta fitowa daga kasko ta ci abinci sai an kira sunanta sau uku, a bayyane, safe da yamma, in ba haka ba yunwa za ta kashe ta. Na ce ni mai sunan na yafe, duniya da lahira, tunda kifi za ta kira ba ni ba. Ƙarya ce, kifi ko kakaki aka busa mata ba ruwanta, Allah ya yafe mini wannan a kan sauran. Ke dai kada ki tona.

In kin gama haɗa akwatin, ki miƙa wa uwarki abincin kifin ki ce za ki ɗebo ruwa. Ki fita, ki tsaya bayan ƙofa. Kada ki yi tari, kada ki yi dariya, kada ki leƙa. Ba lallai ta iya ran farko ba, shekara goma sha biyar bakin yana rufe. Ki koma washegari. In kin ji ta faɗa, kada ki yi irin tawa. Ki bari ta kai na uku, sannan ki amsa a hankali.

Allah ya kai kifin lafiya, ya kai ki inda na aike ki. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki fi ni riƙe baki a inda ya kamata. Ki gaida uwarki, ki ce ina neman gafararta, zan zo in faɗa da kaina in gwiwa ta yarda. Bangon ɗakina zai yi shiru in an ɗauke akwatin, saboda haka in jariran sun girma ki aiko mini da biyu, mace da namiji.

Ni ce kakarki mai sunanki,
Hauwa'u Kulu.